Aron Baki Ga Mai Kukan Zuci

 Abin da nake so in yi magana a kai cikin wannan fili shi ne wasan kwaikwayo, da irin taimakon da yake yi wa mutumin da aka yi wa rashi, da kuma waɗansu ƙananan finafinai da aka yi a ƙasashen waje game da wannan al'amari. Na san da jin haka wani zai ce, "Kai yaro, ina ruwan biri da gada? Ina mutuwa, ina wasa?" Lalle kam, sunan da muka ba abin ma ya isa ya sa a raina shi, domin mun kira shi wasa, ga shi kuwa mutuwa ba abar wasa ba ce. Amma ina roƙon mai karatu ya yi haƙuri ya bi ni har ƙarshe. Ra'ayina shi ne, mutumin da baƙin ciki ya ɗaure wa harshe yakan sami aron baki a wasan kwaikwayo, ya faɗi abin da ke cinsa da kalmomin wani, har ya sami sauƙi. Masu yin ƙananan finafinai kuwa su suka fi kowa iya nuna mana yadda wannan ke faruwa.

Da farko bari mu san abin da ake nufi da fim mai zaman kansa. A Amurka akwai manyan kamfanonin silima na Holiwud, waɗanda sukan kashe dala miliyan ɗari ko fiye a kan fim guda. Wanda ya zuba irin wannan dukiya tilas ya nemi abin da zai cika gidajen silima, watau faɗa da tseren motoci da fashe-fashe da ban dariya. Labarin magidancin da ɗansa ya rasu, ya zauna shiru shekara guda, ba irin hajar da suke so ba ce. To, akwai waɗansu mutane da ba su ƙarƙashin waɗannan kamfanoni. Su ke rubuta labarinsu, su nemi ɗan kuɗi wajen abokai da ƙananan masu jari, su ɗauki fim cikin 'yan makonni, sa'an nan su kai shi wani bikin finafinai, ko Allah zai sa wani kamfani ya saya ya rarraba. Mafi shahara cikin irin waɗannan bukukuwa a Amurka shi ne na Sundance, wanda cibiyar da Robert Redford ya kafa a 1981 ke shiryawa.

A wannan biki ne, cikin watan Janairu na 2024, a jihar Yuta, aka fara nuna fim ɗin da ya sa na ɗauki alƙalami, wanda na kalla lokacin hutu. Sunansa Ghostlight. Wata mata mai suna Kelly O'Sullivan ce ta rubuta shi, kuma ita da Alex Thompson suka ba da umarni. An ɗauke shi a birnin Shikago da kewayensa wajen ƙarshen 2023. Ma'anar sunan ita ce fitilar fatalwa. Al'ada ce a gidajen wasan kwaikwayo na can, in an tashi da dare an kashe fitilu, sai a bar ƙwai guda ɗaya yana ci a tsakiyar dandamali, domin kada wanda ya shigo cikin duhu ya faɗa ƙasa ya ji ciwo. Masu camfi kuma suka ce an bar ta ne don fatalwowin gidan. Ko wanne ne dai, sunan ya dace da labarin gidan da mutuwa ta kashe wa fitilu, saura guda.

Ga yadda labarin yake. Wani magidanci ne mai suna Dan, ma'aikacin gyaran titi, mai riƙe injin fasa kwalta. Matarsa Sharon tana aiki a makaranta, suna da 'ya budurwa mai suna Daisy. Tun farkon fim za ka ga akwai abin da ke damun gidan, gama an ce labarin zuciya a tambayi fuska, amma ba wanda ya buɗe baki ya faɗa. Yarinyar ta zama mafaɗaciya, har ta ture malama, makaranta ta dakatar da ita. Uban kuwa ya zama kamar dutse, in an taɓo zancen sai ya tashi ya bar wurin. Ran nan yana bakin aiki wani mai mota ya yi masa rashin kunya, sai ya cakume shi. Wata mata mai suna Rita ta ga abin da ya faru. Ita kuwa tana cikin wata 'yar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa da ke gwaji a wani ɗaki daura da inda ake aikin. Sai ta kira shi ciki, ta ce suna neman mutum guda da zai karanta musu wani kaso. Wasan da suke shiryawa shi ne Romiyo da Juliyet na Shekisfiya.

Dan bai taɓa karanta wasan ba, bai ma san yadda ya ƙare ba. Ya riƙa zuwa a ɓoye, har iyalinsa suka zaci neman mata yake yi. Sannu a hankali mai kallo yake gane abin da ya auku: ɗansu Brian, saurayi, ya kashe kansa shekara guda da ta wuce, bayan sun ƙulla haka shi da budurwarsa, ita kuwa Allah ya yi da sauran kwananta. Iyayen yaron sun kai ƙarar iyayen yarinyar suna neman diyya. Kun ga ke nan, wasan da Dan ya faɗa ciki bisa tsautsayi labarin gidansa ne, domin Romiyo da Juliyet ma haka suka ƙare. Da saurayin da aka ba matsayin Romiyo ya bar ƙungiyar, sai aka ɗora wa Dan, ga shi dattijo mai furfura. Daga baya Daisy ma ta shiga, aka ba ta matsayin abokin Romiyo.

Nan ne aikin ya yi wuya. Dan ya ƙi jinin ƙarshen wasan, ya so a canja shi, domin yana fushi da ɗansa, kuma bai ga yadda za a yi ya tsaya gaban jama'a ya aikata abin da yaron ya aikata ba. Ana cikin gwaji wata rana sai bakinsa ya buɗe, ya gaya wa 'yan ƙungiyar abin da ya kasa faɗa a cikin gidansa. Da ranar ba da bayani gaban lauyoyi ta zo, sai ya ce shi bai ga laifin yarinyar ba, ƙarar kuwa ta rushe a nan. Matarsa ta ji haushi ƙwarai, kuma tana da hujja, gama ita ta ɗauki nauyin gidan duk tsawon lokacin da shi ya yi gum. Duk da haka aka yi wasan a makarantar da take aiki, tana zaune cikin 'yan kallo. Fim ɗin bai ce baƙin cikinsu ya ƙare ba. Abin da ya nuna shi ne mutum uku da suka koma gida tare, suna iya duban juna.

To, yanzu sai mu tambaya, mene ne a cikin wasan kwaikwayo da ya iya abin da 'yan'uwa da lauyoyi suka kasa? A ganina abu huɗu ne. Na farko shi ne aron baki. Hausawa kan ce kada ka ari bakina ka ci mini albasa, amma a wasan kwaikwayo da yardar kowa ake wannan aro. Mutum irin Dan ba zai iya cewa "ina kewar ɗana" ba, kunya da taurin zuciya sun hana shi. Amma in aka miƙa masa takarda aka ce ga abin da wane zai faɗa, sai ya faɗa, don a ganinsa ba shi ke magana ba. In hawaye ya zubo, na Romiyo ne. Wannan 'yar rufa-rufa ita ce ke kāre mutuncinsa, ta bar abin da ke ciki ya fito ba tare da an ce namiji ya yi raki ba.

Na biyu shi ne maimaici. Ba a yin wasa sai an yi gwaji sau da yawa. Abin da mutum ke gudu ya tuna, a wurin gwaji zai tunkare shi yau, ya koma gobe, ya sake komawa jibi, kaɗan-kaɗan, kuma ya san lokacin da za a ce a tsaya. Kamar mai ciwon ƙafa ne da ake koya wa tafiya, ba a rana ɗaya ake ce masa ya yi gudu ba. Sannu ba ta hana zuwa. Na uku shi ne jama'a. Baƙin ciki yakan keɓe mutum, ya ga kamar duniya ta ci gaba ta bar shi. Amma a ƙungiyar wasa ana bukatarka. In ba ka zo ba, gwaji ya tsaya, abokin wasanka ya rasa mai amsa masa. Wanda kowa ke ce wa "sannu, sai haƙuri" ya sami wurin da ake ce masa "ka makara, zo ka tsaya nan." Ina ganin wannan kaɗai ma magani ne, domin an mai da shi mutum mai amfani bayan ya daɗe yana abin tausayi.

Na huɗu, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne fahimta. Ba za ka iya kwaikwayon mutum ba sai ka tambayi kanka me ya sa ya yi abin da ya yi. Dan ya shekara yana kallon ɗansa da idon uba mai fushi. Da aka tilasta masa ya tsaya inda yaron ya tsaya, sai ya ga tsananin ƙuruciya da gajeren tunani da suka rufe masa ido. Bai yarda da abin da ɗan ya aikata ba, amma fushin ya koma tausayi, daga tausayi kuwa yafiya ba ta da nisa. 'Yan kallo ma ba a bar su a baya ba. Tun fiye da shekara 2,300 da suka wuce, Aristotal, masanin ƙasar Girka, ya lura cewa wasan ban tausayi yakan ta da tausayi da tsoro a zukatan masu kallo, sa'an nan ya wanke su. Wannan wankin zuciya shi Girkawa suka kira katarsis. Duk wanda ya taɓa kuka a wurin kallo ya fito ya ji wasai, ya san abin da mutumin ke nufi.

Shi kansa Shekisfiya ya ɗanɗani wannan ɗaci. Yana da tagwaye, mace da namiji, sai namijin mai suna Hamnet ya rasu a 1596 yana da shekara 11. Bayan kamar shekara huɗu ya rubuta Hamlet, wasan da ya ginu a kan ɗan da ke makokin ubansa. Ba da daɗewa ba kuma ya rubuta wasan da marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya mayar Hausa da sunan Daren Sha Biyu, inda wata yarinya ke zaton ɗan'uwan tagwaicinta ya nutse a teku, ashe yana raye. Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko rasuwar yaron ce ta haifi waɗannan wasanni. Ni dai abin da na gani shi ne, uban da ya binne ɗaya daga cikin tagwayensa ya zauna ya rubuta wasan da tagwaye suka rabu suka sake haɗuwa.

Kada a ce misali ɗaya na kawo. A ƙasar Japan, a 2021, Ryusuke Hamaguchi ya yi wani fim mai suna Drive My Car, wanda ya kai kusan awa uku, ya kuma ci kyautar Oska ta fim ɗin ƙasar waje a 2022. Labarin wani ɗan wasa ne da matarsa ta rasu farat ɗaya, akwai maganar da ba su ƙarasa ba a tsakaninsu. Bayan shekara biyu aka gayyace shi birnin Hiroshima ya shirya wani wasa na Anton Chekhov, marubucin Rasha. Ya tara 'yan wasa daga ƙasashe dabam-dabam, kowa na magana da harshensa, har da wata mai magana da hannu irin ta bebaye. Shi kuwa ya ƙi hawa dandamali, domin ya san kalmomin wasan za su tono abin da ya binne. Sai da ya yi abota da yarinyar da ke tuƙa shi, wadda ita ma mahaifiyarta ta rasu, suka faɗa wa juna gaskiya, kana ya iya karɓar matsayin. Mutumin Shikago bai san wasa ba ya faɗa ciki, mutumin Japan ya san shi sarai ya guje shi, amma duka biyun a wuri guda suka sauke kayansu.

Misali na uku ya fi ƙarfi, domin ba ƙagaggen labari ba ne duka. A jihar Niyok ta Amurka akwai wani kurkuku mai tsananin tsaro da ake kira Sing Sing. A 1996 aka kafa wata ƙungiya a cikinsa mai koya wa fursunoni wasan kwaikwayo. Greg Kwedar ya yi fim a kan wannan ƙungiya, ya sa masa sunan kurkukun, aka fara nuna shi a bikin Toronto a 2023. Colman Domingo ne ya fito a babban matsayi, amma yawancin sauran 'yan wasan tsofaffin fursunoni ne da suka yi wasa a ƙungiyar, galibinsu sun fito da sunayensu na gaskiya, kamar Clarence Maclin. A cikin labarin, aminin jarumin ya rasu a ɗakinsa na kurkuku, ga kuma roƙon sassaucin da ya yi an ƙi. Ya yi fushi ya fita daga wasan, sai wanda shi ya jawo cikin ƙungiyar ya je ya lallaso shi. Ƙungiyar ta ce ƙasa da kashi 3 cikin 100 na mutanenta ne ke komawa kurkuku bayan an sake su, alhali a ƙasar baki ɗaya abin ya kai wajen kashi 60. Ko da an ce waɗanda suka shiga ƙungiyar masu niyyar shiryuwa ne tun asali, tazarar ta isa a tsaya a duba.

Me ya sa sai masu zaman kansu ke yin irin waɗannan finafinai? Domin ƙarancin kuɗi ya ba su 'yancin da mai kuɗi ba shi da shi. Dubi Ghostlight. Keith Kupferer, wanda ya fito a matsayin Dan, ya shekara da shekaru yana wasa a dandamalin Shikago, amma bai taɓa jan ragamar fim ba. Marubuciyar ta san shi ne tun 2014, sa'ad da suka yi wani wasa tare, shi uba ita 'ya. Wadda ta fito a matsayin matarsa, Tara Mallen, matarsa ce ta gaskiya, wadda ta fito a matsayin 'yarsa kuwa, Katherine, 'yarsu ce ta cikinsu. Shi ya sa in suna gardama a kan tebur sai ka rantse leƙe kake yi cikin gidan mutane. Babban kamfani da wuya ya yarda da haka, zai ce a kawo tauraron da sunansa ke sayar da tikiti. Haka masu fim ɗin Sing Sing suka biya kowa lada ɗaya a yini, daga babban jarumi har mai ɗaukar kaya, kuma kowa ya sami kaso cikin ribar. Fim ɗin ya shiga takarar Oska a fanni uku a 2025. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Yanzu bari mu dawo gida, gama ba don Amurkawa nake wannan rubutu ba. Mu Hausawa muna da kyakkyawar al'ada game da rasuwa. Ba a barin mutum shi kaɗai. Za a yi zaman makoki kwana uku, maƙwabta su kawo abinci, na nesa su zo gaisuwa, waɗansu gidaje su yi sadakar bakwai da ta arba'in. Matar mamaci tana da takaba wata huɗu da kwana goma, mata na shiga suna ɗebe mata kewa. Amma ina uba? Ina wa da ƙane? Ran da aka naɗe tabarmi, sai kowa ya koma kasuwa da ofis. An koya wa namiji ya cije, an ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. A gidaje da yawa ma uba ba ya kiran sunan ɗan farinsa saboda alkunya. To, wanda bai kira sunan ɗansa ba yana raye, yaya zai yi ya ambace shi bayan ya rasu? Irin su Dan suna nan da yawa a garuruwanmu, sai dai su babbar riga suke sawa.

Mu 'yan makarantar kwana mun san wani abu game da wannan. Akan aiko daga gida a ce wane ya zo, ba a gaya masa dalili sai ya isa ya tarar da mutane a ƙofar gida. Sau da yawa ma an riga an kai mamacin. Ya yi 'yan kwanaki ya dawo, mu yi masa gaisuwa a ɗakin kwana, kashegari ƙararrawa ta kaɗa, ya shiga aji kamar kowa. Bayan wata biyu sai a ga mai ƙoƙari ya koma baya, ko mai fara'a ya zama mafaɗaci, a yi ta yi masa horo, ba wanda ya haɗa wannan da wancan. Ruwa ba ya tsami banza. Irin wannan ɗalibi ba zai je ofishin malami ya ce zuciyata na ciwo ba. Amma zai iya zuwa gwajin wasa ran Asabar da yamma.

Na san abin da waɗansu iyayenmu za su ce, kuma maganarsu abar dubawa ce. Za su ce mu Musulmi ne, maganin rashi shi ne haƙuri da addu'a da yarda da ƙaddara, ba tsalle-tsalle a dandamali ba. Haƙiƙa gaskiya ne, ba abin da ya kai addu'a, kuma ban ce a ajiye ta a ɗauki wasa ba. Amma haƙuri bai hana hawaye ba. Malamanmu sun karantar da mu cewa Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zub da hawaye ran da ɗansa Ibrahim ya rasu. Annabi Yakubu kuma, wanda ake misali da kyawun haƙurinsa, ya yi baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusufu har idanunsa suka yi fari. Abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yage tufa da faɗin maganar da ba ta dace ba. Mai zazzaɓi yakan yi addu'a ya kuma sha magani, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Haka mai ciwon zuci.

Wani kuma zai ce, ai labarin kisan kai da soyayyar yara ba abin da za a nuna wa ɗalibai ba ne. Kashe kai babban zunubi ne, ba mai ja. Amma wanda ya kalli fim ɗin nan ba zai fito yana sha'awar abin ba, domin abin da zai gani shi ne kangon da aka bar wa uwa da uba da ƙanwa. Kuma ban ce lalle sai Romiyo da Juliyet za mu yi ba. Muna iya rubuta namu, a kan maraya, ko uwar da ta rasa jariri, ko ɗalibin da bai sami jana'izar mahaifinsa ba, cikin sutura da ladabi irin namu. Sai dai akwai iyaka da ya kamata a kiyaye. Kada a tilasta wa wanda aka yi wa rashi ya hau dandamali, kada kuma a mai da ciwonsa abin kallo. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In kuwa aka ga baƙin ciki ya hana mutum ci da barci, ko ya fara zancen gajiya da rayuwa, to, wannan ya wuce ƙungiyar wasa, a gaggauta gaya wa manya a kai shi ga likita.

Game da yin fim kuwa, ba mu da dalilin cewa abin ya fi ƙarfinmu. Finafinan Hausa na bidiyo daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka tsiro. Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta yi a Kano a 1990, ba wani babban kamfani a bayansa. Watau mu ma da zaman kai muka fara. Abin da nake kuka da shi shi ne, a yawancin finafinan da na gani, in an yi rasuwa sai a nuna kuka na minti ɗaya, a rubuta "bayan shekara biyar," a shiga rigimar gado ko sabon aure. Waɗannan shekaru biyar da aka tsallake, a cikinsu labarin yake. Yaya aka yi da takalman mamacin? Wa ya fara ambatar sunansa? Irin wannan fim ba ya bukatar motoci masu tsada ko gidan bene. Tsakar gida ɗaya, da mutum huɗu da suka iya wasa, da marubuci mai lura, sun isa. Yau ga kyamara a cikin wayar hannu, abin da ya rage shi ne haƙurin tsayawa a kan labari.

Saboda haka ina da roƙo uku. Ga 'yan'uwana ɗalibai, mu daina ɗaukar ƙungiyar wasan kwaikwayo wurin ban dariya kawai. In za mu yi wasa uku a shekara, ɗaya ya zama na ban tausayi. In kuma mun ga wani ya dawo daga makoki ya keɓe kansa, mu gayyace shi, ko da jan labule ne ko riƙe takarda zai yi, mu bar shi ya matso da kansa. Ga malamanmu, Allah ya ƙara muku girma, a ba ƙungiyar nan ɗaki da lokaci da malami mai kula, kada ta zama ita ce farkon abin da za a soke in jarrabawa ta matso. Ga iyayenmu kuma, in ɗanku ya ce yana cikin 'yan wasa, kada ku ce ya lalace. Ku zo ku kalla ran bikin ba da kyaututtuka. Watakila a bakin wani sarki ko wani maraya na cikin wasa za ku ji abin da ɗanku ya daɗe yana so ya gaya muku.

Daga ƙarshe, mutuwa rigar kowa ce, ba gidan da ba ta shiga ba. Ba wasa ko fim da zai dawo da wanda ya tafi. Amma waɗanda suka saura suna da sauran zama da juna, zaman kuwa ba ya daɗi in kowa ya ƙulle nasa a ciki. In aron baki zai sa uba ya dubi 'yarsa, ɗalibi ya koma kan karatunsa, to, wannan wasa ya fi ƙarfin a kira shi wasa. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, ya ba waɗanda aka bari haƙurin rashi, mu kuma in tamu ta zo ya sa mu cika da imani, amin.